Tsofaffin rijiyoyin Neja Delta da sabbin na Kolmani: daga ina man Najeriya zai ci gaba da fitowa?

Labarai uku ne ke yawo a kan man Najeriya, kuma duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya sai kansa ya ɗaure. Gwamnatin tarayya ta ɗora wa kamfanin NNPC burin kai ɗanyen man da ake haƙowa ganga miliyan 2 a kullum zuwa 2027, da miliyan 3 zuwa 2030. A lokaci guda kuma, manyan kamfanonin Turawa da suka shekara fiye da 50 suna aiki a Neja Delta sun sayar da rijiyoyinsu na kan tudu da na bakin teku sun matsa can cikin ruwa. Na ukun shi ya fi shiga bakin mutane a majalisun Zariya, daga Tudun Wada har Samaru: tun Nuwamban 2022 aka yi bikin fara haƙar mai a Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, amma man bai shigo kasuwa ba.

To man ƙarewa yake yi ko ƙaruwa? Idan akwai shi, me ya kori masu shi? Idan kuma an samu a Arewa, ina yake? Kafin a amsa, sai an fara warware wasu kalmomi da ake cakuɗa su a labarai.

"An gano mai" da "ana haƙo mai" ba abu ɗaya ba ne

Mutane da yawa na ɗauka mai wani tafki ne a ƙarƙashin ƙasa, da an huda sai a yi ta kwasa. Ba haka yake ba. Ya fi kama da ruwan da ke kwance cikin yashin rafi da rani, wanda sai an tona an jira ya tsattsafo. Man yana maƙale ne a 'yan ƙananan kafofin dutse mai laushi, irin wanda ya samu daga laka da yashin da suka daɗe suna taruwa a gindin tsohon teku ko kogi. Shi ya sa ba ko'ina ake nemansa ba. Zariya a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin na Kufena, kuma wannan dutse ba ya riƙe mai. Wuraren da ake sa rai a Arewa su ne yankin tafkin Chadi, kwarin Binuwai da Gongola, yankin Bida da na Sakkwato.

Matakai uku ne. Akwai man da ke cikin dutsen gaba ɗaya, wanda kiyasi kawai ake yi masa. Akwai wanda aka tabbatar za a iya fitar da shi a ci riba da kayan aiki da farashin yau, shi ake kira ajiyar mai. Sai kuma wanda ke fitowa ta bututu kowace rana, shi ne kuɗi. Alƙaluman hukuma sun nuna ajiyar Najeriya ta kai wajen ganga biliyan 37 na mai, da iskar gas sama da ƙafa kubik tiriliyan 200. Ganga ɗaya lita 159 ce, ba ta kai duron da ake zuba ruwa a gida ba. Idan ana kwasar ganga miliyan ɗaya da rabi a kullum, wannan ajiya za ta haura shekara 60. Ke nan man bai kusa ƙarewa ba. Abin da ke raguwa shi ne saurin fitowarsa, kuma nan ne duk maganar take.

Yadda rijiyar mai ke tsufa

Wanda ya zauna a cikin birnin Zariya ya san halin rijiya idan bazara ta yi nisa. Guga kan fara fitowa rabi, sannan ya zo da laka, sai a kira masu yasa. Mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, yana cika bokiti da taɓo da tsofaffin gugunan da suka tsinke, na sama suna ja, har a buɗe idon ruwan ko a ƙara mata gaba ɗaya ko biyu. Washegari ruwa ya taru. Ba sabuwar rijiya aka haƙa ba, tsohuwar aka yi wa hidima.

Rijiyar mai ma haka take, sai dai tata hidimar da dala ake biya. Sabuwa da kanta take turo mai sama, saboda matsin iska da ruwan da ke danne da shi a ƙasa. Da an shekara ana ɗiba, matsin sai ya yi sanyi. Ruwan gishirin da ke ƙarƙashin man ya fara biyo shi, har a kai lokacin da mafi yawan abin da ke fitowa ruwa ne, mai kuwa ɗan kaɗan, kuma dole a raba su, a san inda za a kai ruwan. Yashi kan toshe rijiyar, bututun cikinta ya yi tsatsa. Filin man da ya kai wannan matsayi shi ake ce wa ya tsufa, kuma mafi yawan filayen kan tudu na Neja Delta, waɗanda aka buɗe a shekarun 1960 da 1970, sun kai.

Dabarun farfaɗo da shi sanannu ne. Ana tura iskar gas cikin rijiyar don ta sauƙaƙa nauyin man ya taso. Ana ɗura ruwa ta wata rijiyar gefe ya koro man zuwa wadda ake ɗiba. Ana kawo injin haƙa a buɗe rijiyar da aka rufe, a sauya bututu, a huda wani sabon hawa na dutsen da aka tsallake a da. Ana kuma haƙa sabbin rijiyoyi a tsakanin tsofaffi, ko a karkata haƙar ta bi kwance don ta kamo man da ya ɓuya a lungu. A duniya baki ɗaya, abin da aka saba fitarwa daga filin mai bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikinsa ba. Sauran na nan kwance. Saboda haka tsohon fili ba kango ba ne, kuma gangarsa ta fi ta sabon fili saurin zuwa, tunda akwai hanya, akwai bututu, an kuma san halin dutsen.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: fili idan aka bar shi ba hidima, abin da yake bayarwa raguwa yake yi kowace shekara. Sai an zuba kuɗi kafin ma a tsaya a inda ake. Duk gwamnatin da ta ce za ta ƙara ganga dubu 500, to sai ta fara cike gurbin wanda ya ragu tukuna, sannan a fara ƙirga ƙari.

Abin da ya kawo mu nan

A 1956 aka samu mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara fitar da shi waje a 1958. Wajen 2005 Najeriya ta kusa ganga miliyan 2 da rabi a kullum. A watannin Agusta da Satumban 2022 kuwa ɗanyen man ya faɗi ƙasa da ganga miliyan 1. An ɗan farfaɗo daga baya, amma kasafin kuɗin 2025 da aka gina a kan ganga miliyan 2.06 a kullum bai ga wannan adadi ba. Kason da ƙungiyar OPEC ta ware wa ƙasar tun 2024 ma ganga miliyan 1.5 ne.

Tsufan rijiyoyi kaɗai bai isa ya jawo wannan faɗuwa ba. Babban dalili na farko rashin kuɗin hidima ne. Filayen kan tudu na haɗin gwiwa ne tsakanin NNPC da kamfanoni, NNPC ke da kashi 55 zuwa 60, kuma wajibi ne ya kawo kasonsa na kuɗin aiki. Shekara da shekaru yana jinkiri, bashi ya taru, sai a ƙarshen 2016 aka daidaita a kan biyan dala biliyan 5.1. Abokin tarayyar da ba ya kawo nasa, ai ba a kiran masu yasa da shi.

Na biyu doka ce. Kudurin gyaran harkar mai ya shiga majalisa tun 2008, bai zama doka ba sai Agustan 2021. Mai zuba dala biliyoyi a aikin da zai shekara 20 yana son sanin harajin da zai biya, don haka da yawa suka ɗage ayyukansu, wasu suka kai kuɗin Guyana da Brazil.

Na uku shi ne fasa bututu da satar mai. A 2022 manyan bututun da ke kai mai tashar fitarwa ta Bonny sun yi watanni ba sa aiki yadda ya kamata, kamfanoni suka rufe rijiyoyi masu lafiya don ba amfanin tura man da ba zai isa ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Bayan gwamnati ta ba kamfanonin tsaro na yankin kwangilar gadin bututu, ciki har da Tantita, lamarin ya yi sauƙi, ko da yake ana ta muhawara a kan tsadar kwangilar da kuma hikimar damƙa tsaro a hannun tsofaffin masu tayar da ƙayar baya. Ba kuma za a fahimci fushin yankin ba sai an tuna da gurɓatar ruwa da gonaki. A ƙasar Ogoni an daina haƙar mai tun 1993, kuma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsaftace wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Turawa sun sayar, 'yan gida sun saya

A 2024 kamfanin Oando ya sayi Agip na Najeriya daga hannun Eni, Seplat ya kammala sayen kadarorin ExxonMobil na bakin teku, sannan a Maris 2025 Shell ya miƙa kamfaninsa na kan tudu ga gamayyar Renaissance. A taƙaice, tsofaffin filayen sun koma hannun 'yan Najeriya.

Masu ganin alheri a ciki suna da hujja mai ƙarfi. Rijiyar da ke ba da ganga dubu ɗaya a kullum ba ta gaban kamfanin da ke aiki a ƙasashe da dama, amma ga ɗan gida ita ce jarinsa, zai yi mata hidimar da mai ita na da ya yi watsi da ita. An kuma ga alamar haka, domin sabbin masu filayen sun fara da buɗe rijiyoyin da aka rufe. Masu ɗari-ɗari kuma na cewa yawancinsu da bashin banki suka saya, kuma bankunan Turai na janye hannu daga harkar mai saboda sauyin yanayi, to ina kuɗin haƙa zai fito? Sannan wa zai ɗauki nauyin tsaftace ɓarnar shekara 60 da rufe rijiyoyin da suka mutu? Duka ɓangarorin na da gaskiya, amma tambayar tsaftacewa ita ce ba a ba ta gamsasshiyar amsa ba, kuma ita ke iya sake tayar da rikicin da ya rufe bututu a baya.

Su Turawan ba barin ƙasar suka yi ba. Can tsakiyar teku suka koma, inda ɓarawo ba ya kaiwa. Filin Bonga ya fara ba da mai a 2005, Agbami a 2008, Egina a ƙarshen 2018, kuma a Disamban 2024 Shell ya amince da aikin Bonga ta Arewa na kusan dala biliyan 5. Irin wannan aiki kan ba da mai mai yawa, sai dai yana cin shekaru kafin ganga ta farko, kuma kamfani kan fara cire kuɗin da ya kashe kafin rabon gwamnati ya yi kauri.

Kolmani da neman mai a Arewa

Neman ba sabo ba ne. NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a yankin tafkin Chadi daga shekarun 1970 zuwa 1990 ba tare da samun na sayarwa ba. A Yulin 2017 'yan Boko Haram suka kai wa ayarin masu binciken mai hari a Magumeri, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aiki ya tsaya. A Kolmani kuwa, Shell ya fara haƙa a 1999 ya samu iskar gas kaɗan ya tafi. NNPC ya koma ya zurfafa, ya sanar da samun mai a Oktoban 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, aka ambaci ganga biliyan 1 da gas ƙafa kubik biliyan 500. A 2023 aka fara wata haƙar a Ebenyi ta jihar Nasarawa.

Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Rijiya ɗaya ko biyu na iya tabbatar da cewa akwai mai, ba za su faɗi iyakarsa ba. Sai an haƙa wasu a kewaye an auna faɗin filin da yadda man ke gudana, sannan mai kuɗi ya yarda ya zuba. Ga kuma nisa da teku, babu bututun da zai kwashe shi. Wannan ne ya sa aka tsara gina matata da tashar lantarki da masana'antar taki a wurin, wato aikin biliyoyin daloli kafin a sayar da lita ɗaya. Maƙwabciyarmu Nijar misali ce ta kusa. An daɗe da sanin akwai mai a Agadem, amma sai 2011 aka fara tace shi a matatar Damagaram mai ganga dubu 20 a kullum, fitar da shi ta teku kuwa sai 2024, bayan kamfanin China ya shimfiɗa bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin.

Dokar 2021 ta tanadi asusun neman mai a sabbin yankuna, wanda za a riƙa zuba wa kashi 30 na ribar da NNPC ke samu daga wasu nau'o'in kwangila. Masu goyon baya na cewa kamfanin kasuwa ba zai taɓa kasadar nema a wurin da ba a tabbatar ba, dole gwamnati ta share fage, kuma tunda an samu a Chadi da Nijar a irin wannan dutse, babu dalilin yanke ƙauna. Masu suka na cewa kuɗin na asusun tarayya ne da ya kamata a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: dalar da za a kashe a kan wataƙila, gara a kai ta filin da aka san yana da mai. Mutanen Neja Delta na ƙara da cewa al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu kashi 3 kacal na kuɗin gudanar da aiki dokar ta ba su. Ana yawan mayar da wannan gardama ta Kudu da Arewa, alhali asalinta lissafi ne na lokaci. Neman na da amfani, amma ko ya yi nasara ba shi zai cike gibin 2027 ba. Kason kashi 13 da jihohi masu mai ke karɓa ma a kan man da aka sayar ake lissafa shi, ba wanda aka gano ba.

Iskar gas ce ta fi kusa da Zariya

A ma'aunin makamashi, gas ɗin Najeriya ya kai man yawa ko ya ɗara shi. Da can ƙona shi ake yi a bakin rijiya, har aka buɗe masana'antar sanyaya shi ya koma ruwa a Bonny a 1999. Yanzu mafi yawan lantarkin ƙasar daga tashoshin gas yake fitowa, takin Uriya na Indorama da na Dangote ma daga gas ake yin sa. Manomin masara a Giwa ko Soba da ke auna farashin buhu da damina, da gas yake ciniki ko bai sani ba.

Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Abuja, Kaduna da Kano, ta yankin Zariya ya bi. An ƙaddamar da shi a Yunin 2020 a kan dala biliyan 2.8, an sha ɗage ranar kammalawa, kuma sai a 2025 aka sanar da tsallake kogin Neja. Sai dai bututu hanya ce kawai. Yawancin gas ɗin da ake samu a yau tare da mai yake fitowa daga tsofaffin rijiyoyin nan, idan sun tsaya shi ma ya tsaya. Filayen gas zalla kuma ba a haƙa su sai mai saye zai biya, ga shi tashoshin lantarki na fama da bashi. Don haka ne gwamnati ta ba da rangwamen haraji ga irin waɗannan filaye a farkon 2024, kuma a Yunin shekarar TotalEnergies da NNPC suka amince da aikin gas na Ubeta. Matatar Kaduna darasi ce a nan: an buɗe ta a 1980, tana iya tace ganga dubu 110 a kullum, amma rayuwarta a kan dogon bututu daga Kudu ta rataya, kuma ta yi shekaru ba ta aiki.

Abin da zai taɓa aljihun talaka

Ƙarin haƙar mai ba ya nufin fetur zai yi arha kai tsaye. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita na bin farashin ɗanyen mai na duniya da canjin dala. Ko matatar Dangote, mai ganga dubu 650 a kullum, sayen ɗanyen man take yi, har daga Amurka take shigo da shi idan na gida bai isa ba. Wani ɓangare na man ƙasar ma an riga an jinginar da shi, kamar bashin dala biliyan 3.3 da NNPC ya karɓa ta hannun bankin Afreximbank a 2023.

Ta bayan gida tasirin yake shigowa. Mai da gas ne ke kawo mafi yawan dalar da ƙasar ke samu daga fitar da kaya. Idan ganguna suka ƙaru, dala ta wadata, naira ta samu numfashi, sai a ji shi a farashin magani, kayan gyaran babur da shi kansa fetur ɗin. Kason da jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ke karɓa duk wata daga asusun tarayya, wanda albashin malaman firamare ya dogara da shi, shi ma da yawan gangunan yake hawa da sauka.

A fadamun Galma, masu noman rani da dama sun sauya wa injin ban-ruwansu kai ya koma shan gas. Za ka ga tukunyar gas ta girki a gefen gona, an ja mata roba zuwa injin, tumatir da albasa na shan ruwa. Wannan gas na tukunya daban yake da wanda zai biyo bututun AKK, amma daga rijiyoyi ɗaya suke fitowa, kuma farashinsa na motsi da yawan abin da aka tace a gida da kuma dala. Na bututun shi ne wanda direbobi da masu Keke ke jira a matse musu shi a tashoshi, shi ne kuma zai iya tayar da tashoshin lantarkin da aka tsara a Kaduna da Kano.

Ga mai son bin lamarin ba tare da ruɗani ba, hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai na fitar da adadin gangunan kowane wata, tashar fitarwa bayan tasha. Alƙaluman Bonny da Forcados su ke nuna ko hidimar tsofaffin filaye na ci, yawan injinan haƙa da ke aiki kuma shi ke nuna abin da zai fito nan da shekara biyu ko uku. A Kolmani, labarin da zai nuna an matsa gaba shi ne sakamakon sabbin rijiyoyin aunawa, da sunan wanda ya sa hannu zai biya kuɗin matatar.